Yadda Ake Gyara Matsalar Bango da Tsarin Rubutu Idan An Sauya Littafi Zuwa EPUB ko Kindle

Marubuta da yawa suna kammala littafi a Word ko WPS Office, su biya mai zane ya haɗa musu bango mai kyau, sannan su sauya fayil ɗin zuwa EPUB domin sayarwa ko rabawa. Ana buɗe littafin a waya sai a ga abin ya sauya kama. Bango ya ɓace, ko ya fito sau biyu, ko ya miƙe har fuskar da ke jikinsa ta yi faɗi. A cikin littafin kuma layuka sun kakkarye, babi ya hau kan babi, wurin ƙ da ɗ da ɓ ya koma ƙananan akwatuna. Wanda ya sayi littafi da kuɗinsa ya tarar da shi haka, da wuya ya sake sayen na gaba.

Yawancin waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne. Manhajar da ke sauya littafi ba ta ganin shafi yadda idon mutum yake gani. Abin da aka yi wa alama a fayil na asali shi kaɗai take ganewa. Idan ba a nuna mata cewa wannan hoto shi ne bango ba, a wurinta hoto ne kamar kowane. Idan ba a nuna mata kan babi ba, layi ne kawai da aka ƙara wa girma. Misalan da ke ƙasa an ɗauko su ne daga Calibre, manhajar kyauta da Kovid Goyal ya fara a shekarar 2006, wadda ke aiki a Windows da macOS da Linux. Ba ta da sigar Android, saboda haka aikin yana buƙatar kwamfuta.

Me ke cikin fayil ɗin EPUB?

EPUB jaka ce ta ZIP da aka sauya wa suna. Duk wanda ya kwafi littafi ya mayar da ƙarshen sunansa daga .epub zuwa .zip zai iya buɗe shi ya ga abin da ke ciki: shafukan rubutu irin na intanet, fayil ɗin CSS mai kula da girman haruffa da tazarar layi, hotuna, da wani fayil mai ƙarewa da .opf. Wannan na ƙarshe shi ne rajistar littafin. A cikinsa ake rubuta sunan littafi, sunan marubuci, harshe, jerin shafuka, da kuma hoton da yake bango.

Hanyar nuna bangon iri biyu ce. A EPUB 2, wanda ya fito a 2007, ana sa layin meta mai suna cover da ke nuni zuwa ga hoton. A EPUB 3, wanda ya fito a 2011, ana liƙa wa hoton alamar cover-image. Wasu tsofaffin manhajojin karatu ta farkon kaɗai suke nema, shi ya sa masu haɗa littafi da yawa suke sa duka biyun.

Wani abin lura shi ne EPUB ba shi da tsayayyen shafi. Rubutun yana bin girman allo ne, kamar ruwa a mazubi. Mai karatu na iya ƙara girman haruffa, shafi 200 ya koma 350. Duk wata dabara da aka yi a Word domin shafi ya zauna daidai a takardar A4 ko A5, a nan take zama matsala.

Bango bai fito ba gaba ɗaya

Akwai bango iri biyu da ake yawan haɗawa a ɗauka ɗaya ne: ƙaramin hoton da ke fitowa a jerin littattafai, da shafin farko da ake gani idan an buɗe littafi. Na farko daga rajistar .opf yake zuwa, na biyu shafi ne a cikin littafin. Ana iya samun ɗaya babu ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa a Calibre shi ne mutum ya shiga “Edit metadata”, ya ɗora sabon bango, ya gan shi ya fito a ɗakin littattafan manhajar, ya ɗauka an gama. A wannan matakin Calibre ta ajiye hoton ne a gefe, a fayil mai suna cover.jpg, ba ta taɓa cikin littafin ba tukuna. Idan aka shiga babban fayil na kwamfuta aka kwashi EPUB ɗin kai tsaye aka tura wa mutane, da tsohon bangon zai tafi.

Hanyoyin shigar da bangon cikin littafin su ne:

1. A zaɓi littafin a danna “Polish books”, a sa alama a wurin sabunta bango. Wannan yana aiki da EPUB da AZW3, kuma ba ya rikita sauran tsarin littafin. Idan maɓallin ba ya sama, ana ƙaro shi daga “Preferences”, sashen “Toolbars & menus”.

2. A buɗe littafin da “Edit book”, a shiga “Tools”, a zaɓi “Add cover”. Wannan yana haɗa shafin bango, ya kuma rubuta alamarsa a rajista.

3. A fitar da littafin ta “Save to disk” maimakon kwafa da hannu, domin a lokacin fitarwa Calibre tana sabunta bayanan da ke cikinsa.

Idan kuma sauyawa ake yi daga wani tsari zuwa wani, a duba shafin farko na tagar “Convert books”. Akwai zaɓin “Use cover from source file”. Matuƙar yana da alama, manhajar za ta fifita tsohon bangon da ke cikin fayil na asali a kan sabon da aka ɗora.

Wani lokaci an gyara komai amma waya tana nuna tsohon hoton. Manhajojin karatu suna ajiye ƙaramin hoton bango tun ranar da aka fara buɗe littafi, ba sa komawa su duba. Sai a cire littafin daga manhajar, a sauya sunan fayil ɗin, a sake shigar da shi.

Bango ya fito sau biyu

Wannan yana faruwa ne idan marubuci ya liƙa bango a shafin farko na Word, sannan ya sake ɗora shi a Calibre. Magani mafi sauƙi shi ne a cire hoton daga Word tun kafin sauyawa, a bar bango a matsayin fayil mai zaman kansa. Idan fayil na asali ba ya hannu, a sashen “Structure detection” akwai “Remove first image”, wanda ke cire hoton farko na littafin. Sai dai a tabbatar hoton farkon bango ne, domin in taswira ce ko hoton marubuci, shi ma zai tafi.

Masu ɗora littafi a Amazon KDP su ma haka abin yake. Ana ɗora bango daban, rubutu daban, Amazon ce ke haɗa su. Wanda ya bar bango a cikin rubutun yana iya ganin sa sau biyu.

Bango ya miƙe, ya yi dishi-dishi, ko launinsa ya sauya

Idan Calibre ta fitar da EPUB, a tsarinta na asali tana jan bango ya cika allo, ko da siffar allon ta bambanta da ta hoton. A nan ne zagayayyen tambari yake komawa kamar ƙwai. A sashen “EPUB output” sai a sa alama a “Preserve cover aspect ratio”. Za a iya ganin ɗan fili a gefe ko a sama, amma hoton zai zauna da siffarsa. Idan kuma shafin bango ya fito fari fat a wata tsohuwar na'ura, a gwada “No SVG cover” a wannan sashen, domin wasu na'urori ba sa iya nuna bangon da aka naɗe a tsarin SVG.

Dishi-dishi kuwa yawanci daga girman hoto ne. Amazon tana ba da shawarar bango mai tsayin fiksil 2,560 da faɗin 1,600, kuma wannan ma'auni yana yi wa sauran manhajoji kyau. Abu biyu ne ke rage shi. Na farko WhatsApp: idan mai zane ya turo bango a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta rage ingancinsa. A nemi ya turo shi a matsayin takarda ko ta imel. Na biyu sashen “Page setup” na Calibre, inda ake zaɓar na'urar da za a karanta littafin. Idan an zaɓi mai ƙaramin allo, za ta rage duk hotunan su dace da shi. Zaɓin “Tablet” ba ya rage girman hoto.

Game da launi, masu zanen da suka saba aiki da maɗaba'a suna ajiye bango a tsarin CMYK, wanda na tawadar bugawa ne. Allon waya da RGB yake aiki. Bangon CMYK na iya fitowa da wani launi daban, ko ya ƙi buɗewa. A nemi kwafin RGB a tsarin JPEG. Haka nan a kauce wa WebP, domin duk da EPUB 3.3 na 2023 ya amince da shi, tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Sauya ƙarshen sunan hoto daga .webp zuwa .jpg da hannu ba ya mayar da shi JPEG. Sai an buɗe shi a manhajar hoto an sake ajiyewa.

Bangon da ke ɓacewa a Kindle

Masu Kindle suna cin karo da wata matsala ta daban. An tura littafi ta wayar USB, bango ya fito, jim kaɗan bayan na'urar ta hau intanet sai ya koma hoton gama-gari. Dalili shi ne na'urar tana neman bangon a rumbun Amazon, in ba ta samu ba sai ta maye gurbin wanda ke akwai. Tun daga sigar 4.17, Calibre tana mayar da waɗannan banguna idan aka sake haɗa Kindle ɗin da kwamfuta bayan sun ɓace. Wata hanyar ita ce a tura littafin ta Send to Kindle, wadda ta fara karɓar EPUB a 2022. Amazon ta daina karɓar tsohon tsarin MOBI ta wannan hanya, don haka babu amfanin ɓata lokaci wajen sauya sabon littafi zuwa MOBI.

Layuka sun kakkarye: matsalar PDF

PDF shi ne mafi wahalar sauyawa. Bai san sakin layi ba. Abin da ya sani shi ne wace kalma ce take zaune a wane wuri a shafi. Idan aka juya shi zuwa EPUB, kowane layi na iya zama sakin layi mai zaman kansa, lambar shafi da sunan littafi da ke saman kowane shafi su faɗo tsakiyar labari.

Abu na farko shi ne a nemi fayil ɗin Word da aka yi PDF ɗin da shi. Wannan kaɗai yana rage aikin yini guda. Idan babu, a kunna “Heuristic processing” a sa alama a “Unwrap lines”, wanda ke ƙoƙarin haɗa layukan da aka yanke. Akwai lamba a gefensa da ke farawa daga 0.4. Idan layukan ba su haɗu sosai ba, a rage ta kaɗan a sake gwadawa. Littafin waƙa kuma bai kamata a kunna masa wannan ba, domin zai haɗe baitoci su koma zube. Lambar shafi da sunan littafi da ke maimaituwa ana share su ta sashen “Search & replace”.

PDF ɗin da aka yi da hoton shafuka babu rubutu a cikinsa ko kaɗan. Sai an bi da shi ta manhajar OCR, sannan a zauna a karanta a gyara, musamman wuraren haruffa masu ƙugiya, inda irin waɗannan manhajoji suke yawan kuskure.

Gyaran da ya kamata a yi tun a Word

A danna Ctrl da Shift da 8 a tare. Word zai nuna duk alamomin da ke ɓoye. A nan ake ganin inda aka danna Enter sau goma domin babi ya koma sabon shafi, da inda aka yi amfani da tazara ko Tab wajen tura farkon sakin layi ciki. A EPUB waɗannan su ne ke zama fararen shafuka da gefen rubutu mai hawa da sauka.

Ana share su ta wurin nema da musanya. A nemi ^p^p a musanya da ^p, a maimaita har su ƙare. A nemi ^t a bar wurin musanyar babu komai. Sannan a saita shigar farkon layi da tazarar sakin layi daga saitin “Paragraph”. Kafin wannan shara, wuraren da aka bar fili da gangan domin sauyin fage a labari, a sa musu alama kamar taurari uku, don kada su ɓace tare da sauran.

Kowane kan babi a ba shi salon “Heading 1”. Da wannan alama Calibre take fara babi a sabon shafi, kuma da ita take haɗa jerin abubuwan da ke ciki idan fayil ɗin DOCX ne. A sauran tsare-tsare kuwa akwai tarko ga littafin Hausa. Dokar da Calibre ke bi wajen gano babi tana neman kalmomin Turanci ne irin su chapter da part da section. “Babi na Ɗaya” ba ya cikinsu. Sai a shiga sashen “Table of Contents”, a wurin mataki na farko a rubuta //h:h1, wato duk babban kai babi ne.

Rubutun da aka kwaso daga WhatsApp yana zuwa da nasa kayan: taurarin da ke sa kalma ta yi kauri, layin ƙasa da ke karkatar da ita, da tarin emoji. Littafi bai san waɗannan alamomi ba, haka zai nuna su tsirara. A share su tun a Word.

Akwai kuma rubutun da ke ɓacewa idan mai karatu ya kunna yanayin dare. An ɗaure wa haruffan launin baƙi ne, allon ma ya koma baƙi. A sashen “Look & feel”, ƙarƙashin “Styling”, ana sa alama a “Colors” domin a cire launin da aka ɗaure.

Haruffa masu ƙugiya

Matsalar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ iri huɗu ce, kowace da alamarta.

Idan akwati ko alamar tambaya ta fito a wurinsu a wata na'ura amma suna fitowa daidai a wata, rubutun lafiyarsa ƙalau. Salon haruffan na'urar ne ba shi da su. Magani shi ne a cusa salon da ke da su cikin littafin. Charis SIL, Gentium, Andika da Noto Serif duk suna ɗauke da haruffan Hausa, kuma lasisinsu ya yarda a yi haka kyauta. Bayan an girka shi a kwamfuta, a zaɓe shi a “Embed font family” da ke “Look & feel”, a kuma sa alama a “Subset all embedded fonts” don kada littafin ya yi nauyi.

Idan ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, to an karanta fayil ɗin da tsarin lambobin da ba nasa ba. Wannan ya fi faruwa da fayil ɗin TXT da HTML. A wurin “Input character encoding” a rubuta utf-8 a sake sauyawa daga fayil na asali.

Idan “ƙasa” ta fito “qasa” ko “}asa”, “ɗaya” ta fito “xaya” ko “]aya”, an buga littafin ne da tsohon salon haruffan Hausa, irin wanda ya ari gurbin wasu maɓallai ya zana musu ƙugiya. A kwamfutar da ke da salon komai daidai yake, amma a ƙarƙashi q ce ko x. Dole a musanya su da haruffan Unicode na gaskiya, manya daban, ƙanana daban. A bi a hankali, domin musanya ta bai ɗaya za ta taɓa sunaye da kalmomin Turanci masu q da x da v da ke cikin littafin.

Idan kuma ƙugiyar ce ta ɓace baki ɗaya, a duba ko an kunna “Transliterate Unicode characters to ASCII”. Wannan zaɓi yana mayar da haruffa zuwa na Turanci zalla, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Bai dace da littafin Hausa ba.

Masu rubuta 'y kamar yadda aka saba a Najeriya, maimakon ƴ da aka fi amfani da ita a Nijar, su lura da “Smarten punctuation”. Yana ɗaukar waƙafin sama da ke farkon 'yan ko 'ya'ya a matsayin buɗe zance, sai ya juya shi baibai. Gara a bar shi a kashe. A kuma saita harshen littafin zuwa Hausa a “Edit metadata”, don kada manhajar karatu ta riƙa raba kalmomi a ƙarshen layi da ƙa'idar Turanci.

Kafin a saki littafi

Calibre tana tuna saitin da aka yi wa kowane littafi. Idan an yi ta gwaji har abin ya rikice, maɓallin “Restore defaults” da ke ƙasan tagar sauyawa yana mayar da komai farko. Kuma kowane gwaji a fara shi daga fayil na asali. Sauya abin da aka riga aka sauya, kamar daga Word zuwa PDF zuwa EPUB zuwa AZW3, yana tara kurakurai ne a kowane mataki. Littafin da aka saya mai makullin DRM kuwa Calibre ba ta sauya shi, kuma littafin wani marubuci ba a raba shi sai da izininsa.

Bayan an gama, a buɗe littafin da “Edit book” a danna “Check book”. Zai nuna hoton da ya ɓata, mahaɗin da ya yanke, da kurakuran rajista, ya kuma gyara da yawa daga ciki da kansa. Mai niyyar kai littafi kantunan intanet ya ƙara da EPUBCheck, manhajar kyauta da ake auna ingancin EPUB da ita. Daga nan a tura littafin waya, a buɗe shi a manhajoji biyu mabambanta, misali Google Play Books da ReadEra. A duba bango a jeri da kuma a shafin farko, a danna babi uku daga jerin abubuwan da ke ciki, a ƙara girman haruffa, a kunna yanayin dare, sannan a nemi kalma mai ƙugiya kamar “ƙofa” a ga ko binciken zai same ta. Idan duk waɗannan sun tafi daidai, littafin ya isa a miƙa wa masu karatu, a kuma adana fayil ɗin Word da hoton bango na asali a wuri guda saboda bugu na gaba.